Sannu da Aiki, Hajiya Tiramol

Ranki ya daɗe, Tiramol, uwar ɗakin gajiyayyu! Wa ya kai ki riƙon amana? Aboki ya janye jiki, mata ta yi yaji, ubangida ya sallami yaro, amma ke kina nan daram a aljihun gaban riga, ba ki taɓa cewa kin gaji da mutum ba.

A Jamus aka haife ki a 1962, aka ce aikinki sassauta wa majinyaci raɗaɗi. Da kika iso wurinmu sai kika ga aikin ya yi miki kaɗan. Likita ya san ki da miligiram 50 ko 100, amma don tsabar karamci kika shigo a ɓoye da 225 da 250, kada baƙonki ya tashi bai ƙoshi ba. Da gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, kika buɗe zani kika goya marayun 'yar'uwar taki. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a shekarar tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙirga mutum miliyan 4.6 a Najeriya masu shan ki da danginki ba da iznin likita ba. Wane ɗan siyasa ne ke da magoya baya haka, kuma su ne ke biyansa?

Amma gwanintarki ba a jiki take ba, a zuciya take. Da fari kin ba lebura ƙarfin ɗaukar bulo har la'asar, kin cire wa saurayi nauyin baki a wurin zance. Sannu a hankali kika koya wa kowannensu cewa ƙarfin naki ne, bakin naki ne, shi ɗan aro ne kawai. Guda ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama kati. Yanzu ba don ya ji daɗi yake haɗiye ki ba, don ya iya tashi daga tabarma ne. Ranar da ya yi gigin kwana bai gaishe ki ba, sai ki aika masa 'yan aike: hamma, majina, gumi, zawo, ciwon gaɓoɓi, dare ba barci. Wani lokaci ma ki buga shi da ƙasa da farfaɗiya a tsakiyar kasuwa, don jama'a su shaida ƙaunar da ke tsakaninku.

Sai karatun da kika biya wa ɗalibanki, duk sun haddace. "Ai magani ne, ba giya ba." "Don aiki nake sha." "Duk ranar da na ga dama zan bari." Babbar fatiharsu kuwa: "Bari dai a yi Salla." Salla nawa aka yi, Hajiya? Kin mayar da gobe gari mai nisa, wanda babu motar da ke zuwa can.

Mu ma mun yi miki hidima, kada a manta da mu a rabon lada. Yaro ya buɗe baki zai ce ya gaji, muka rufe shi da "ɗan ƙwaya". Muka ɓoye 'yarmu a ɗaka don kada maneman aure su ji. Wasu muka kai gidan mari, irin wanda 'yan sanda suka fasa a Rigasa ta Kaduna a 2019 suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Sarƙa ta riƙe ƙafa, ke kina riƙe da zuciya. Ranar da aka kwance yaron, wa zai nufa in ba ke ba?

To, Tiramol, kirarin ya isa haka. Saura magana da masu ɗa.

Iyaye da yayye, ranar da ɗanku ya ce "na gaji da abin nan", kada ku jira gobe, domin wannan niyya ba ta cika kwana ba. Ku kama hannunsa zuwa asibitin ƙwaƙwalwa, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko na Dawanau a Kano, inda likita zai sassauta masa azabar rabuwa da ita. In ya zame ya koma, ku sake kai shi.