Daktocin Unguwarmu

Mu dai ba mu da rowar suna. A unguwarmu duk wanda ya buɗe kemis ya rataya farar riga, kafin wata ya kama ya zama Dakta. Mai wanke ciwo a asibitin sha-ka-tafi Dakta ne. Malamin jami'ar da ya dawo daga Zariya da digirin digirgir, shi ma Dakta. Ranar suna sai ka ga tsohuwa ta tare shi a zaure tana dafe da gwiwa: "Ɗan nan, duba mini ita, da sanyin asuba ba ta lanƙwasuwa." Shi kuma ya durƙusa ya ce, "Inna, ni karatuna a kan duwatsu ne, amma gobe in Allah ya kai mu zan raka ki asibiti."

In aka zauna a majalisa bayan isha'i aka taso da zancen, kowa da daktan da yake nufi. Na asibiti shekara 6 yake yi a jami'a irin ta Ahmadu Bello ko Bayero, ya ƙara shekara 1 yana aiki ƙarƙashin manya, sannan hukumar likitoci ta ƙasa ta ba shi cikakken lasisi. Na digirin digirgir hanyarsa daban: bayan digiri na ɗaya da na biyu, sai ya shafe shekara 3 ko fiye yana bin diddigin magana guda, ya rubuta kundi, ya kare shi a gaban masana. Irin su marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ke nan, wanda ya yi nasa binciken a kan tarihin Katsina.

Farfesa kuwa muƙami ne, ba a zana masa jarrabawa. Jami'a ce ke tattara rubuce-rubucen malami ta aika wa farfesoshin wasu jami'o'i su auna, in sun gamsu a ɗaga shi. Akan sami mai riƙe da duka biyun, Dakta da Farfesa, kamar marigayi Farfesa Jibril Aminu, likitan zuciya. Sai digirin Dakta na girmamawa, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata a 1988. Wannan kam har gobe muna alfahari da shi, kuma ba wanda ya taɓa ruɗewa ya kai wa Shata mara lafiya.

Inda abin ke damuna shi ne wajen mai kemis. Mutumin kirki ne, yana ba mu bashi, yana buɗe mana ƙofa da tsakar dare. Amma lasisinsa na sayar da ƙananan magunguna ne, bai kai ga yin allura ko ƙarin ruwa ba. Mu ne muke kiransa Dakta safe da yamma har kunya ta hana shi cewa "wannan ya fi ƙarfina". Uwa ta zo da yaro jiki rau da zazzaɓi, ya taɓa goshinsa da bayan hannu, ya ƙirga ƙwayoyi kala uku a 'yar leda, ya ja layi biyu da biro, safe da dare. Ba a gwada jini ba, ba a auna nauyin yaron ba. Sai bayan kwana uku, idanu sun yi fari fat, ake neman mai Keke Napep a tafi babban asibiti, can kuma tambayar farko da likita zai yi ita ce, "Hajiya, me aka ba shi a gida?"