Shekara Uku da Laftof, Ba Ka San Kafofinta Ba?

Kada kowa ya leƙa. Kai mai laftof, ɗora hannu a kan murfinta ka faɗa mini tsakaninka da Allah: kafa nawa ce a gefenta na hagu, kuma me ake sokawa a kowace? Shiru kake ji. Shekara uku tana cikin jakarka, ka je taron bita da ita, ka ɗauki hoto da ita a ofis kana murtuke fuska, amma abu biyu ka sani a jikinta, maɓallin kunnawa da ramin caja.

Na san amsarku, musamman ku Kanawa, da ba a taɓa nuna muku abu kun ce yau kuka fara gani ba. Za ku ce, "Malam, mu ba yara ba ne, tun kana Zariya kana haddace allo muke taɓa kwamfuta." To madalla. Tunda kun ƙware, bari mu fara da kibod, inda masu gyara suka fi samun na cefane a hannunku.

Mutum ne zai shiga shago ransa a ɓace, ya ce kibod ɗinsa ya haukace: in ya danna K sai 2 ta fito, in ya danna L sai 3, U kuma ta koma 4. Mai gyara zai girgiza kai, ya ce aikin babba ne, a dawo gobe bayan La'asar. Mai kwamfutar na ba da baya, mai gyaran zai haɗa Fn da NumLk ya danna, shi ke nan an gama aiki. Babu abin da ya lalace. Ƙananan laftof da yawa, musamman tsofaffin, ba su da filin da za a jera lambobi a hannun dama, sai aka ɓoye su ƙarƙashin haruffan M, J, K, L, U, I da O. Ka dubi waɗannan madannai da kyau, za ka ga 'yan lambobi an rubuta da wani launi daban. Gwiwar hannunka ko ɗan autanka ne ya kunna su.

Sai alamar @, wadda ta hana mutane da yawa shiga imel ɗinsu. Ka danna inda aka zana ta, sai alamar zance ta fito. Ka danna alamar zance, sai ga ta. Alhaji, ba aljanu ba ne. Kayan da ake sayar mana da sunan "Landan yus" da dama kibod ɗin Ingila gare su, shi kuma wanda ya ɗora maka Windows ya bar ta a tsarin Amurka. A na Amurka @ tana kan 2, a na Ingila tana can kusa da Enter. Dubi madannin 3, in ka ga alamar fam a kansa to na Ingila ne. Ka ƙara tsarin Ingila a saitin harshe, sannan maɓallin Windows da dogon madannin tazara su riƙa sauya maka. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram su tasu ta fi: kibod ɗin Faransa ya musanya A da Q, ya musanya Z da W, ya ɗauke M ya kai ta kusa da L, lambobi ma sai an riƙe Shift. Bakano ya ari irin wannan, kafin ya rubuta sunansa ya yi tsaki bakwai.

A wannan saitin dai akwai kibod ɗin Hausa. Ku masu cewa kwamfuta ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, ta sani sarai, ku ne ba ku tambaye ta ba. In ka ƙara shi, riƙe Alt na hannun dama ka danna k, ka ga ko lanƙwasa ba ta fito ba.

Shafa F da J da yatsa. Ka ji ɗan tudu? Kada ka ɗauko reza ka ce kuskuren kamfani ne. An sa su ne domin manuniyarka ta hagu da ta dama su gane mazauninsu ba tare da ka sunkuya ba, sauran yatsun su jeru a gefensu. Wanda ya saba da wannan ido na kan fuskar kwamfuta yake rubutu. Kai kuwa har yau da yatsa ɗaya kake farautar harafi, ga ɗanka zai zauna jarabawar JAMB, wadda tun 2015 aka mayar da ita kacokan kan kwamfuta, kuma a wurinka yake koyo.

Layin sama, daga F1 zuwa F12, kowane da ɗan zanensa: rana ta haske, lasifika ta sauti, jirgin sama na katse duk wata sadarwa. Wannan jirgin ya jawo wa kamfanonin waya zagin da ba su ji ba ba su gani ba. Ka taɓa shi bisa kuskure, Wi-Fi ta ɓace, ka wuni kana tsine wa sabis. Wasu tsofaffin Dell Latitude ma ɗan makunni ne a gefe, wanda jaka kan ture in ana zura kwamfutar. Akwai kuma madannin da ke kashe faifan shafawa gaba ɗaya, shi ma ya sayar da maus ba adadi. Shi faifan kansa ya fi yadda kuke zato wayo. Yatsa biyu ka ja sama ko ƙasa, shafi ya tafi. Yatsa biyu ka ɗan taɓa, ya buɗe abin da dannen dama ke buɗewa. Yatsa uku ka tura sama, duk abin da ka buɗe ya bayyana. Jan ɗigon nan kuma da ke tsakiyar kibod ɗin ThinkPad, Hajiya, ba kwalliya ba ce. Linzami ne, IBM ta fito da shi a 1992, kuma Lenovo da ta sayi sashen a 2005 ta ci gaba da sa shi domin masu rubutu da ba sa son ɗage hannu daga haruffa.

Kafofin gefe ba za su ɗauke mu lokaci ba. Kafar USB mai shuɗin ciki ta ninka baƙar sauri kusan sau goma, can za ka soka filashin da kake kwafar fina-finai. Wadda aka zana wa walƙiya ko batir a gefe takan yi cajin waya ko da kwamfutar a kashe take. HDMI na kai hoto da sauti zuwa talabijin. Mai ramuka 15 ita ce VGA, tun 1987 take, hoto kawai take kaiwa, amma ita ce har yau a jikin majigin makarantu da yawa. In ka haɗa ba ka ga komai ba, danna Windows da P kafin ka fara gumi a gaban mahalarta taro. Ɗan siririn tsagin nan na katin kyamara ne. Ƙaramin ramin da ke can kusurwa kuwa, wanda kuka gwada soka masa abu iri-iri ya ƙi, ba ya kai komai ko'ina. Na kwaɗo ne, a ɗaure kwamfutar da ƙafar tebur. USB-C, wadda ta zo a 2014, ita ce mai ruɗi, domin kamanninta ɗaya a ko'ina amma ba kowace ke karɓar caji ko fitar da hoto ba.

Ga wani can yana daga kwance yana cewa, "Duk wannan wahala ta mece ce? Wayata ta ishe ni." Ban musa ba, ɗan'uwa, in hira da kallon bidiyo ne sana'arka. Ranar da aka ce ka haɗa rahoto mai shafi arba'in da jadawali, za mu gan ka a layin shagon buga takardu kana roƙon yarinyar da ke kan kwamfuta ta taimaka ta sa ka gaba. Wani kuma zai ce ko dillalin laftof ne ni. Da ni dillali ne, da abin da zan faɗa yanzu ban faɗe shi ba.

Sitikar nan ta Core i7 da kuke taƙama da ita, har wani ba ya yarda a goge wurin kada ta ɓare, ita kaɗai ba ta gaya maka komai ba. Intel ta daɗe tana fitar da i7, zubi bayan zubi. Lambar da ke bin bayan sunan ita ce magana. Ɗauki i7-2620M: 2 ɗin farko na nufin zubi na biyu, na 2011, mai ƙwaya biyu. Ɗauki i5-8250U: zubi na takwas, na 2017, mai ƙwaya huɗu. Wannan i5 ɗin da ka raina zai bar i7 ɗinka a baya ko ƙurarsa ba zai gani ba. Daga zubi na goma zuwa sama lambobi biyu na farko ake karantawa. Kuma abin ya wuce gasar gudu, domin Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida tana neman zubi na takwas zuwa sama da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Ba sai ka yarda da sitika ko rantsuwar mai shago ba. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, shiga Performance, kwamfutar za ta faɗi sunanta na yanka da bakinta.

A nan ne za ka ga RAM da ma'ajiya, waɗanda kuke cakuɗawa. Tunda Kanawa nake fama da su, bari in yi da yaren Kantin Kwari: ma'ajiya ita ce sito, RAM kuwa kantar da kake baza atamfa a gaban mai saye. Sitonka ya kai girman duk da ya kai, in kantar ba ta ɗaukar fiye da turmi huɗu, wuni za ka yi kana kai da kawowa. To haka mai RAM 4GB yake in ya buɗe shafuka ashirin. Mai bugun ƙirji da 1TB kuma ya duba ko HDD ce. Ita faifai ne na gaske a ciki, yana juyawa sau 5400 a minti a yawancin laftof, da ɗan hannu mai karanta shi, shi ya sa take jan ƙafa wajen tashi, kuma in ta faɗi tana aiki sai dai a yi maka jaje. SSD babu abin da ke motsi a cikinta. Tsohuwar kwamfuta da aka sauya wa SSD mai 256GB takan farfaɗo har mai ita ya fasa sayarwa.

Yanzu juya ta ka dubi cikinta. Waɗannan tsage-tsagen ta nan take shaƙar iska, fanka ta bi da ita ta kan bututun jan ƙarfe da ke kwaso zafin furosesa, ta fitar ta gefe ko ta baya. Kai kuma ina kake ajiye ta? Kan katifa, kan bargo, kan filo, a watan Afrilu, a Sakkwato. Ka toshe mata hanci sannan kana mamakin tana huci. Furosesa in zafinsa ya doshi digiri 100 da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, in abin ya ƙi ya kashe kwamfutar ɗungurungum. Sai ka ce bairos ne, a yi mata sabon Windows, hotunan bikinka su tafi a banza, matsalar na nan. Ƙurar hunturu kuma tana taruwa a bakin fanka har ta zama kamar auduga. Ka ɗora ta kan tebur ko faranti mai tauri, ka ɗan ɗaga bayanta, in iska ta wuce ka kai a buɗe a share, in ta tsufa a sabunta man da ke tsakanin furosesa da bututun. Kuɗin wannan bai kai rabin abin da kake kashewa a data ba.

"Caja ai caja ce," in ji mai aron ta maƙwabci. Juya bayan taka ka karanta. Za ka ga tana karɓar wuta daga 100 zuwa 240V, shi ya sa ba ta damu da ƙarancin wutarmu sosai ba. Abin da take tsoro shi ne tsallen wuta lokacin da aka tayar da janareto ko aka dawo da wuta, don haka zare ta tukuna. Ƙasa kaɗan za ka ga abin da take fitarwa, misali 19.5V da 3.33A, wato wat 65. Wadda za ka ara dole ƙarfin V ɗinta ya zo daidai, wat ɗinta kuma kada ya gaza. Dell har wata 'yar allura ta sa a tsakiyar bakin cajarta da kwamfutar ke gane ta da ita. In allurar ta karye ko cajar jabu ce, sai ta ƙi cajin batir ta kuma rage gudu, kai kana can kana zargin batir.

Batirin ma kun ɗora masa al'adar da ba tasa ba. Wai sai an bari ya mutu murus kafin a sa caji. Wannan dokar tsofaffin batiran nikel ce. Na yanzu lithiyam ne, irin wanda Sony ta fara sayarwa a 1991, kuma abin da ya fi tsufar da shi zafi ne da yawan ƙarar da shi ƙaf. In ka ga faifan shafawa ya fara tasowa ko murfin ƙasa ya buɗe baki, ba ƙiba kwamfutar ta yi ba, batir ne ya kumbura. Kada ka danne shi, kada ka huda shi, a cire shi a ranar.

Mai shirin sayen ta hannu, ga abin da za ka yi a gaban mai shago. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, ka buɗe takardar da ta fito. Lamba biyu za ka nema: abin da batirin ke ɗauka ranar da ya bar kamfani, da abin da yake iya ɗauka yau. In ta biyun ba ta kai rabin ta farkon ba, "awa shida" ɗin da aka rantse maka a kai ba za ta kai ka ƙarshen fim ɗaya ba. Ka nuna masa lambobin, ka nemi ragi. Wannan ɓangaren na ciniki kam ba sai Bazazzage ya koya wa Bakano ba.