Likita, Sati Biyu Nake So

A Ingila akwai wata cuta mai ladabi da sanin ya kamata. Ba ta kama mutum ranar Asabar lokacin da ake taka leda, ba ta zuwa ana cikin hutu. Sai Litinin da asuba take sallama. Har jaridunsu sun yi wa Litinin ɗin farko ta Fabrairu laƙabi da ranar ciwon ƙarya, wai ita ce ranar da aka fi bugo wa ofis waya da shaƙaƙƙiyar murya, ana tari a bakin waya kamar za a shiɗe.

Dokarsu tana da sauƙin kai. Kwana bakwai na farko bakinka ne shaidarka. Idan abin ya wuce haka, sai ka kawo takarda. A nan ne likitan unguwa, bawan Allah da ya ƙare ƙuruciyarsa yana haddar jijiyoyi da ƙasusuwa, yake zama alƙali ba shiri. Kusan minti goma ake ware masa kan kowane mutum. Mai ƙara zai shigo dafe da ƙugu. Shi ne mai ƙara, shi ne shaida, kuma hukuncin ma a aljihu ya zo da shi: "Likita, sati biyu nake so."

Na'urar awon jini ba ta ƙarya, ta zafin jiki ma haka. To, wace na'ura ce ke auna ciwon baya? Wace ce ke gano cewa ainihin cutar tana zaune a ofis, sanye da kwat, ana kiranta shugaba? Idan likita ya hana, amanar shekara da shekaru ta rushe, gobe kuma mutumin ya shiga ɗakin likita na gaba da sabon nishi. Idan ya rubuta, sai a ce likitoci ne ke raba hutu kamar goron suna. Ga kuma layi na jiransa a waje. Ni ban ga laifinsa ba idan biro ya fi shi saurin yanke shawara.

Kada dai mu kwashi alhakin jama'a. Da yawa ciwon gaske ke damunsu, musamman damuwa da ciwon gaɓoɓi, kuma layin jiran magani a asibitocin gwamnatinsu ya haura miliyan 7.

Gwamnati ta yi ta dabaru. A 2010 ta sake fasalin takardar, ta ƙara gurbin da likita zai ce mutum zai iya aiki idan an sassauta masa. A 2022 ta ba ma'aikatan jinya da masu harhaɗa magani da masu gasa ƙashi izinin sa hannu, wato an ƙara yawan ƙofofin da za a ƙwanƙwasa. A Afrilun 2024 Firaminista Rishi Sunak ya fito yana ƙorafi: takardu miliyan 11 aka rubuta a shekara guda, kashi 94 cikin 100 kuma cewa suka yi mutum ba zai iya aikin komai ba. Ya ci alwashin ƙwace biron daga hannun likitocin unguwa.

Ba a cika wata uku ba aka yi zaɓe, ranar 4 ga Yuli. Masu jefa ƙuri'a suka ba shi nasa hutun, ba su ma nemi takardar likita ba.