Ɗaki Ɗaya, Hali Barkatai a Galashil

Ƙidayar 1861 ta nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na gidajen Sikotlan ɗaki ɗaya ne tal. A Galashil, garin masaƙun ulu, irin wannan ɗaki kan haɗiye iyali guda har da ɗan haya. Mai gidan gaskiya kuwa ƙararrawar masaƙa ce, kowa da dabarar da yake zama da ita.

Kaka ne kaɗai bai san da zamanta ba. Masaƙin hannu ne tun kafin inji ya ƙwace sana'ar. Duk yadin da aka kawo sai ya murza, ya taɓe baki, ya ce wannan ko bargon doki bai kai ba. Amma kunun da yake sha safe da yamma, kuɗin injin ne ya saye shi, kuma ba a taɓa jin ya kushe kunun ba.

Uwar gida ita ce baitulmali. Ranar albashi tana bakin ƙofa, hannu a buɗe. Ta san kuɗin haya, na gawayi, na garin kunu, ta kuma san abin da ya ɓace tsakanin masaƙa da gida, da mashayar da ya ɓace a cikinta.

Wanda ya ɓatar da shi, maigida, malami ne a fannin doka. A 1853 aka hana buɗe mashaya ranar Lahadi a Sikotlan, amma aka bar wa otal damar shayar da matafiyi na haƙiƙa. Shi ke nan, bawan Allah ya zama matafiyi. Mutumin da ɗebo ruwa ke sa masa ciwon baya, sai ga shi ya taka sayyada har garin Melros, ya isa a galabaice kamar wanda ya keto sahara. Komowar ce ke ɗaukar lokaci, don hanyar kan ƙara faɗi da yamma. In dare ya yi kuma wani sa'in ya leƙa kogin Tuwid, inda kifin na masu ƙasa ne a takarda. Shi dai cewa yake kifi bai iya karatu ba.

Babbar ɗiya mai gyaran yadi ce: da allura take cike zaren da inji ya tsallake. Hannunta ba maiƙo, don haka tana gaida 'yan matan ɗakin inji da ka kawai.

Sai auta. Dokar 1844 ta raba wa yara yini biyu, rabi masaƙa rabi makaranta, shi kuwa ya raba barcinsa daidai wa daida tsakaninsu. Malam na zaton aiki ne ya gajiyar da shi, shugaban aiki na zargin boko.

Ɗan haya ba ya magana. Yana biya a kan kari, yana cin abin da aka ba shi, yana naɗe ƙafa a lungun da aka nuna masa. Uwar gida na yabonsa a gaban mijinta sau uku a rana. Ba wanda ya lura da inda yake kallo lokacin cin abinci, sai ranar da ya sa rigarsa ta Lahadi a ranar Laraba, ya ce yana son ganin maigida a waje.