Bayanin Ma'aji

Ina rubuta wannan ne tun kunnuwana ba su gama hucewa ba, domin labarin ya riga ya zagaya unguwa da ƙari da ragi, kuma gwamma a ji shi daga bakin mai shi. 'Yata ta fari, wadda na sa wa sunan mahaifiyata, saboda haka ban taɓa kiranta da komai ba sai Mamana, ta sami gurbin karatun harhaɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma ni ne na tsaya kai da fata a kan lalle sai ta tafi. Da dattawan unguwa suka yi ta gunaguni a kan tura 'ya mace Samaru, na kafa musu hujja da Nana Asma'u da 'yan tarunta, na tuna musu yadda Shehu Usmanu ya zargi malaman zamaninsa a cikin Nurul Albabi saboda barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, na kuma ƙara da cewa tun 1962 da aka buɗe jami'ar nan ba a ji ta cinye ɗan kowa ba. Ranar da muka raka ta tashar Unguwa Uku, uwarta, wadda ita al'ada ta fi ɗora wa kunyar ɗan fari, ta kasa daurewa, ta yi ta share ido da gefen mayafi. Ni kuwa iyakar abin da na ce shi ne Allah ya ba da sa'a, sa'an nan na juya na yi wa uwargida gajeren wa'azi a kan tawakkali, wanda har yaran mota suka yaba.

Tawakkalin nan bai kai mu gida ba. Ashe yarinyar ita ce mai nemo mini tabarau, ita ce mai sanin inda na ajiye makullin babur, ita ce kuma mai sarrafa mini waya, har ma ita ta koya mini cewa idan na danna alamar nan ta makirufo a WhatsApp na riƙe, zan iya yin magana ba sai na yi fama da rubutu ba. Wannan ilimi shi ya kai ni ga halaka.

To, ni ne ma'ajin kwamitin masallacin unguwarmu, kuma a kwanakin nan jama'a sun tara kuɗin sayen batiran sola, har an fara 'yan tambaye-tambaye irin waɗanda akan yi da murmushi. Liman ya umarce ni da in aika cikakken bayani a zauren kwamiti na WhatsApp, kuma in yi shi da murya, tunda yawancin dattawanmu ajami suka iya, ba boko ba. Na ce to. Tsakanin Magariba da Isha'i na shiga ɗakin yarinyar don in sami shiru, na zauna a bakin gadonta da littafin lissafi a cinyata, sai idona ya faɗa kan wani tsohon silifas ɗinta a bayan ƙofa, ɗaya ya hau kan ɗaya yadda ta saba cire su. Na ajiye littafi, na ɗauki waya, na danna sunan da ke can sama, inda na san nata yake tun da safe. Abin da ban sani ba, wanda kuma aka yi mini bayaninsa bayan aikin gama ya gama, shi ne duk zauren da sabon saƙo ya shiga yakan tsallake kowa ya haye sama, kuma a daidai wannan lokaci wani bawan Allah ya aika wa kwamiti hoton furanni da addu'ar barka da dare.

Bayan Liman ya sallame sallar Isha'i, ina zaune a sahun gaba daga can gefen dama, sai Ladan ya miƙe. Dattijo ne mai amana, wanda kunnensa ya yi nauyi tun shekarun baya, ga shi kuma mutum ne da bai taɓa barin umarnin Liman ya kwana ba. Ya gyara makirufo, ya buga shi da yatsa, ya ce, "Jama'a, a ɗan dakata, ga bayanin Ma'aji a kan kuɗin sola." Na yi mamaki ƙwarai, domin a sanina ban aika ba tukuna, har na fara tunanin ko an naɗa wani ma'aji ban sani ba. Sai ya kara wayarsa a bakin makirufo, wanda ke haɗe da lasifika huɗu a kan hasumiya, ɗaya daga cikinsu kuwa tana kallon tsakar gidana.

Aka ji gyaran murya, na kuwa shaida ta. Sa'an nan wata murya siririya, mai rawa, wadda ban taɓa sanin ina da irinta ba, ta cika unguwa tana cewa, "Mamana, ni ne. Kada ki gaya wa uwarki na yi miki magana."

Na yunƙura zan tashi, sai na tarar tsakanina da Ladan akwai wani masbuƙi da ya miƙe yana rama raka'a uku, ba shi da sutura a gabansa, ga bango a damana, ga kuma masu shafa'i da wutiri sun riga sun tayar a bayana. Ni da na sha tsawata wa yara a kan gilmawa ta gaban mai salla, a cikin wannan hali na bi Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala a zuciyata, babi babi, ina neman inda aka yi rangwame ga wanda asirinsa ke tonuwa a lasifika, ban samu ba. Shi kuwa masbuƙin, Allah ya karɓa masa, ban taɓa ganin mai natsuwa a ruku'u irinsa ba.

Muryar ta ci gaba. Ta tambaya ko an ɗaura gidan sauro, ko sanyin Samaru bai yi yawa ba, ko ana sa safa da dare. Ta ce tun ranar da aka tafi ba ta ci tuwon kirki ba, domin miyar kukar gidan nan, in ba Mamana ce ta kaɗa ta ba, ruwa ne da gishiri kawai. A nan na ji wani a sahu na biyu ya yi salati a hankali, saboda kowa ya san inda lasifika ta huɗu take kallo. Sa'an nan muryar ta yi ƙasa, irin ta mai faɗin sirri, wanda hakan ya sa Ladan ya ƙara matsa wayar ga makirufo don jama'a su amfana, ta ce, "Ki duba ƙarƙashin garin kunu, na ɓoye miki naira dubu ashirin. Kada kowa ya san inda suka fito."

Mai karatu ya tuna cewa a wannan lokaci mutum fiye da ɗari suna zaune ne suna sauraron bayanin ma'aji a kan kuɗin sola.

Amma duk wannan ba shi ne ya fi tsaya mini a rai ba. Bayan maganar kuɗin sai aka yi shiru, shirun da na zaci ƙarshen azaba ne, har na fara hamdala, sai aka ji wani dogon jan majina, wanda a cikin ɗaki bai fi ƙarfin kunnen mai shi ba, amma da ya bi ta waya ya shiga makirufo ya fita ta lasifika huɗu, ya zama kamar injin markaɗe ya haɗiyi tsakuwa. Ya tashi a hankali, ya yi sama, ya ɗan tsaya, ya sake ɗorawa. Tattabarun da ke kwana a hasumiya suka watse. Masbuƙi, wanda ya jure maganar miya ya jure ta kuɗi, a nan kafaɗunsa suka fara rawa a cikin sujada, har ban san hukuncin sallarsa ba. Liman ya ja rawani ya rufe bakinsa, yana ta jan carbi da sauri irin wanda ba na zikiri ba. Ladan kuwa, da yake bai ji ko kalma ɗaya ba, ya ga dai jama'a sun sunkuyar da kai, sai ya ɗauka an shiga addu'a, ya ɗaga hannunsa na hagu ya ce "Amin" da ƙarfi. Tun daga daren nan, da na rufe ido sai in ji jan majinar, in ji tsayawarta, in ji ɗorawarta, in ji amin.

Da na sami hanya na fito, na laluba waya hannuna na karkarwa na goge saƙon, sai wani saurayi ya leƙa ya ce ai na goge wa kaina ne kawai, ba na goge wa kowa ba, kuma tunda ya ɓace daga wayata, yanzu ba ni da ikon janye shi daga ta sauran. Wato na hana kaina ji, na bar wa duniya.

A kan dakalin ƙofar masallaci na tarar da wanzamin unguwa, wanda shi ya yi mini askin angonci, shi kuma ya fi kowa adawa da tafiyar yarinyar. Ya kama hannuna ya zaunar da ni, ya ce kada in damu, abin yana da magani, kuma na rantse tun da aka fara wannan fitina ban ji daɗin komai ba kamar shawarwarinsa. Da farko ya ce in cire batirin wayar in binne ta cikin toka ta kwana, muryar za ta koma inda ta fito. Saurayin ya ce wayoyin yanzu ba a cire musu batir, wanzami ya ce to shi ya sa albarka ta ƙare. Ya ce a zamaninsu, idan mutum yana da ɗa a Ikko ko a Makka, kaset yake cikawa da magana ya ba matafiyi, kuma shi bai taɓa jin kaset ya ɓata hanya ya shiga masallaci ba. Sai ya ce in sanar gobe cewa mura ce, ya yi shiru, ya sake tunani, ya ce a'a, mura ba ta zagin miya. Ya dubi ƙeyata da idon sana'a ya ce jini ne ya yi mini yawa, shi ke kawo hawaye ga namiji, in zo da safe ya kafa mini ƙaho biyu, zai yi mini ragi saboda halin da nake ciki.

Da ya ga ban motsa ba, sai ya koma lallashi. Ya ce Zariya fa kimanin kilomita 150 ce, wanda ya karya kumallo a Kano ya bi ta Kwanar Dangora zai yi azahar a Kwangila, ba bangon duniya ba ce. Ya ce kuma in kwantar da hankalina, ai malaman jami'a sukan yi yajin aiki, na 2022 wata takwas ya yi, daga Fabrairu zuwa Oktoba, jikansa har kiwon kaji ya koya a gida, in Allah ya so ni da rahama za a dawo mini da ita ba da daɗewa ba. Na ce masa wannan ba addu'ar da uba zai ce wa amin ba ce. Ya ce to in ƙara aure, gida ya cika. Na tuna masa cewa wadda ke gidan ma ban san da wace fuska zan shiga wurinta ba. Ya yi dogon nazari yana shafa gemu, daga bisani ya ce, "Gaskiya ne, Ma'aji. To, ka kwana a nan."

Ban kwana a can ba. Uwargida ta buɗe mini ƙofa da kanta, ta yi mini sannu da zuwa cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, ta ajiye mini tuwo da gishiri a faranti da ruwa a kofi, ta ce, "Malam, ga miyarka, ka haɗa yadda kake so, ka kuma yi tawakkali." Washegari kwamiti ya wakilta mutum biyu suka bi littafina layi layi, suka tarar kuɗin sola cif, ko kwabo bai yi ciwon kai ba, amma wannan bayanin ba a sa shi a lasifika ba. Ita kuwa wadda aka yi abin dominta, saƙon ya isa gare ta ta hannun wata ƙawarta da ke karatu a Sakkwato, ta aiko mini da layi ɗaya: "Baba, na ga kuɗin, ina sa safa."

Duk wanda saƙon nan ya shigo wayarsa, ina roƙonsa don girman Allah ya goge, musamman yaran da ke jan majina idan na wuce.