Zuwa ga Bawana Bazazzagi, Sabon Maharbin Ohio

Bawana Bazazzagi, gaisuwa irin ta ubangida. Labari ya iso mini cewa ka yanki lasisin farauta a jihar Ohio, ka sayi bindiga ƙirar Ruger 10/22, kuma tun daga ranar 'yan uwa mazauna Amurka ba su huta da kai ba. Kowa ka tara sai ka ce masa, "Bindiga na ya iso, saura madubi." To, mun ji, ta iso. Ku mutanen Zariya Allah ya ba ku karatu, ciniki kuwa sai an riƙe muku hannu. Shi ya sa Bakano ya taso ya cece ka, kafin ka zubar da dalolin da ya kamata ka kawo mini gaisuwar Sallah.

An ce madubin saitin da ka ƙyalla ido a kai wani ƙato ne mai rubutun 6-24x50, da fitila ja da koriya a cikinsa, kuma kuɗinsa bai kai na cefanen mako ba. Ka ga manyan lambobi, jinin boko ya motsa, ka ɗauka sakamakon jarrabawa ne, mai yawa shi ne na ɗaya. Zauna, bawa, ka saurara.

Fara da sanin abin da ke hannunka. Harsashin bindigarka, .22 LR, tsoho ne, tun 1887 kamfanin Stevens ya fito da shi. Sinadarin da ke kunna albarushinsa a gefen gindin kwanso yake, shi ya sa kwanson ba kauri, albarushin kaɗan, bindigar kuma ba ta tokarin kafaɗa. Ita Ruger ɗin tun 1964 ake ƙera ta, gidan harsashinta yana cin goma. Aikinta kurege ne da zomo da takardar gwajin harbi, daga yadi 25 zuwa 75. In ka saita ta a yadi 50, kafin harsashin ya kai yadi 100 ya sunkuya da abin da ya kai inci 5 zuwa 7. Ɗora wa irin wannan bindiga madubi mai kusantowa sau 24 daidai yake da ɗaura wa jakin kai taki sirdin Hawan Daushe.

Lambobin nan ba duba ba ne. Idan ka ga 2-7x32, madubin yana kusanto da abu daga sau 2 zuwa sau 7, faɗin gilashinsa na gaba kuma milimita 32. Tun da ku ne masu jami'a a Samaru, ga lissafi: raba faɗin gilashin da yawan kusantowar, abin da ya fita shi ne kaurin hasken da zai shiga idonka. Raba 32 da 7, ka sami milimita huɗu da rabi. Raba 50 da 24, da ƙyar ka wuce biyu. Kenan da sanyin safiya a cikin kurmi, lokacin da kurege ke fitowa kiwo, ƙaton madubinka duhu zai nuna maka. Ga shi kuma duk abin da ya kusanto da kurege sau 24 ya ninka rawar hannunka sau 24, kuma hannun Bazazzagi ko alli ya riƙe sai ya yi rawa. Filin da kake gani ma tsukewa zai yi, dabbar ta yi tsalle ɗaya ka neme ta ka rasa, kana ta lalube a ganye tana kallonka daga reshen sama. Madubi mai 2-7x32 ko 3-9x40 ya ishe ka har tsufa. Mai sau 4 kawai, wanda ba a murɗawa, shi ma ya ciyar da gidaje da yawa da naman daji.

Abin da ya fi lambobin muhimmanci, ba a cika rubuta shi da manyan baƙi a jikin kwali ba. Kowane madubi akwai nisan da aka daidaita shi a kai. A daidai wannan nisan, ko idonka ya ɗan goce daga tsakiya, layukan saiti suna nan daram a kan abin da ka auna. A wani nisan daban kuwa, kana motsa kai layukan su zame, ka harba ka kuskure, ka koma gida kana zagin masu harsashi. Maduban manyan bindigogin farautar barewa galibi a yadi 100 ko fiye aka daidaita su. Waɗanda aka yi musamman don .22 kuwa a yadi 50 ko 60 suke, wato daidai inda kuregenka yake zaune. Ka tambayi mai shago wannan kafin ka tambayi kuɗi. In kana son harbin takarda a yadi 25 yau, gobe a yadi 100, nemi mai zoben daidaita nisa a bakin gilashin gaba, wanda ake rubuta wa AO.

Na san za ka ce ai Bakano ne ya ƙirƙiro neman rangwame. Haka ne, amma mu muka san araha ba ta ado. Madubin da ya haɗa fitila da manyan lambobi da kuɗin banza, wani wuri aka rage: ko gilashin ya zama hazo-hazo a gefe, ko ka murɗa saiti ya ƙi zama inda ka ajiye shi, ko sanyin Ohio ya sa raɓa ta kwanta a cikinsa. Nemi wanda aka cika da iskar naitirojin aka toshe, ruwa ba ya shiga, gumi ba ya taruwa. Simmons suna da wani mai suna .22 Mag na masu ƙaramin ƙarfi. Sama da shi akwai Vortex Crossfire II 2-7x32 na .22, wanda aka daidaita a yadi 50, kuma kamfanin yana gyara kayansa ko ya musanya ba tare da ƙayyade shekaru ba. In aljihu ya yi nauyi, Leupold na jihar Oregon suna da nasu mai yadi 60. Mutumin da ke mantuwa da hularsa a masallaci, irin garantin Vortex shi ne gatansa.

Kada ka ƙarar da kuɗin a madubi ka tsinto zobban ɗaure shi a kwandon gwanjo. Yawancin saitin da ke gudu, zobba ne suka saki. Ka duba kaurin jikin madubin, inci ɗaya ne ko milimita 30, ka sayi zobba daidai da shi. Ka duba mazaunin da ke bayan bindigar, don na Amurka da na Turai ba koyaushe suke shan inuwa ɗaya ba: akwai mai kashi uku cikin takwas na inci, akwai mai milimita 11 irin na bindigogin CZ. Ka ɗauki gajerun zobba, yadda kuncinka zai kwanta a gindin bindiga idonka na cikin madubi. Sannan wajen ɗaure kusoshi a yi hankali, jikin Ruger ɗinka na alminiyom ne. In ka sa ƙarfin da kake sawa a musu, zaren ramin zai cinye.

Ranar gwaji, ka tuna yawancin maduban nan kowane ƙas ɗaya na murɗawa yana matsar da harbi rubu'in inci ne a yadi 100. A yadi 50 rabin haka yake, don haka ninka ƙidayar za ka yi. Ka sayi harsashi iri uku ko huɗu ka gwada, domin kowace .22 da irin wanda take so, ka tsaya a kan wanda ya fi tara ramuka wuri guda.

Wasa wasa ne, amma wannan ba wasa a ciki. Harsashin da kake rainawa yana iya tafiyar sama da mil guda. Kada ka harba sai ka san abin da ke bayan abin da ka auna, balle kurege a kan reshe da sararin sama a bayansa. Kada ka mai da madubin bindiga abin leƙen nesa, duk inda ka leƙa da shi bakin bindiga ka nuna. A gida kuma a kulle ta, harsashi a wani wuri daban, saboda yara.

Hukuncin ubangidanka ke nan: ƙaramin madubi mai haske wanda aka daidaita a yadi 50, zobba na ƙwarai, canjin kuma ya tafi a harsashin gwaji. Ana buɗe farautar kurege a Ohio ranar 1 ga Satumba. Ka yi bisimilla kafin ka ja kunama, kuma cinyar farko tawa ce, don bawa da abin da ya harbo duk na ubangidansa ne.