Ilimin Sulalla Daga Rum Zuwa Garwa

Masana sulalla, wato masu nazarin tsofaffin kuɗin ƙarfe, sun yi ittifaƙi cewa darajar kwandala tana ƙaruwa gwargwadon ƙarancinta da gajartar mulkin wanda ya buga ta. Shi ya sa suke rububin kuɗin Rum na shekara ta 69 Miladiyya, lokacin da sarakuna huɗu suka yi ta karɓe gadon sarauta da bakin takobi, kuma Otho, wanda mulkinsa ya tsaya a wata uku, sai da ya samu sukunin buga fuskarsa a kan azurfa. Kwandalar zinariya ta Brutus, mai ɗauke da wuƙaƙe biyu don tunawa da kisan da shi da abokansa suka yi wa shugaban Rum Kaisar, an yi gwanjonta a Landan a 2020 kan fiye da fam miliyan 3.

Idan wannan ma'auni ya inganta, to babbar kasuwar Garwa da ke Kamaru ta daɗe da zama cibiyar fannin ba tare da ta nemi lasisi ba. A can, ganin kwandalar sefa 25 sai mai rabo, alhali ba a yi tawaye kafin buga ta ba, domin mai saye yakan karɓi canjinsa da alewa, ko ashana, ko alkawarin gobe. Mai shago kuwa yana adana 'yan ƙwayoyin da ya mallaka a ƙarƙashin faranti, yana rantsuwa cewa babu. Har yanzu dai bai fara sa safar hannu kafin ya taɓa su ba.